Sharhi: Ɓarawon Kwamfuta Ba Ya Haura Katanga

Jama'a masu saurare, na Agiye da Cadawa, na Gazawa da Gangara, na Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Sae Sabuwa, da duk inda wannan murya ta iske ku. 

Sharhinmu na yau a kan tsaron kwamfuta ne, wato ordinatar. Na san akwai mai cewa, mutumin da ke lissafin tiya nawa ta rage masa a rumbu, ina shi ina zancen kwamfuta? Malam, dakata kafin ka murɗa akwatin. Ko ba ka taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, sunanka yana kwance cikin wata. Takardar haihuwar ɗanka da ka karɓo a ma'aikatar magajin gari, da ita aka buga. Makin ɗiyarka yana cikin ta mushe, malaminsu. Majon asibiti da ita yake haɗa rahoton wata. Ma'aikacin ƙungiyar agaji da ya zo ya rubuta magidanta, da lambobin wayarsu, da yawan iyalinsu, a cikin tasa ya zuba. Kuma akasarin waɗannan na'urori ba a biro suke kwana ba. A jaka ake rataya su, a hau babur da su, a kai gida, bayan isha'i yara su kalli fim a kai. A wurinmu kwamfutar aiki ita ce ta gida.

Mu fara da abin da masana ke farawa da shi, katangar tsaro. In kwamfutarka Faransanci take ji, za ka ga an rubuta pare-feu; in daga Kano ta zo da Ingilishi, firewall za ka gani. Kwamfutar da aka jona da intanet tana da ƙofofi masu lamba har 65,535. Ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake zuwa shafukan intanet. Ta 445 kwamfutocin biro ɗaya ke miƙa wa juna fayil. Ta 3389 kuwa, mutum yana zaune a Yamai zai riƙa juya kwamfutar da ke Gazawa kamar a cinyarsa take. Aikin katangar nan aikin zaure ne. Baƙo ya tsaya nan ya yi sallama. In kai ka aika a kirawo shi, misali ka nemi wani shafi ga amsarsa ta dawo, sai a ce ya shigo. In babu wanda ya aika masa, ko sallamar ba a amsawa.

Da can ba haka abin yake ba. A 2003 wani birus mai suna Blaster, a 2004 wani mai suna Sasser, sun riƙa kama kwamfutoci ba tare da mai su ya latsa komai ba. Jona wayar intanet kawai ya isa. Na biyun ma wani matashi ne ɗan makaranta a Jamus ya rubuta shi. Wannan ta sa tun 2004 kamfanin Microsoft yake fito da Windows da katangarta a kunne. Ma'ana, kana da ita, ka biya ta tun ranar da ka sayi na'urar, ba wanda zai ƙara karɓar ko dala a hannunka. Shiga Sécurité Windows, ka latsa Pare-feu et protection du réseau, ka duba. In ka ga alamar kore, alhamdu lillahi. In ka ga ja, wani ya kashe ta, kuma za mu zo kan wanda ya kashe ɗin.

Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017, duniya ta ga abin da ƙofa ɗaya ke jawowa. Wani birus da ake kira WannaCry ya bi ta ƙofa ta 445, cikin ƴan kwanaki ya kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Yana shiga sai ya kulle fayiloli duka, ya rubuta a fuskar na'urar cewa sai an biya fansar dala 300 ta Amurka da kuɗin intanet na bitcoin. Asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, aka soke ganin likita kusan 19,000. Kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin takaicin shi ne, tun 14 ga Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓarakar, kyauta. Wata biyu gyara yana jira, mutane ba su sauke ba.

A nan ne nake so mu dubi kanmu, ba don zargi ba. Me ya sa muke kashe sabuntawa, wato mise à jour? Saboda mega. Malamin makaranta ya sayi forfe na jika guda, ya jona kwamfuta da wayarsa don ya aika takarda guda, kafin ya ankara Windows ta lashe megan duka tana sabunta kanta. Wa zai ga laifinsa in ya je ya ce a kashe masa abin nan har abada? Amma akwai tsaka-tsaki. A cikin saitin wifi akwai wurin da ake shaida wa kwamfuta cewa wannan layin a ƙidaye yake, connexion limitée. In ka kunna shi, za ta rage haɗiya. Sannan ka ware rana ɗaya a wata, ranar da ka shiga Maraɗi ko ka samu wifi mai yalwa, ka bar ta ta sha ta ƙoshi. Wanda ya yi haka ya fi wanda ya sayi antibirus mai tsada ya bar Windows ɗinsa shekara uku ba gyara.

Akwai kuma wadda ko ka so ba za ta samu gyara ba. Windows XP an daina kula da ita tun Afrilu 2014. Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10, wadda ke kan yawancin kwamfutocinmu, wa'adinta na yau da kullum ya cika 14 ga Oktoba 2025. Mu kuwa kwamfutocinmu kwance ne, na hannu, daga babbar kasuwar Maraɗi ko daga titin Beirut a Kano, da yawansu ba su da ƙarfin ɗaukar Windows 11. Ba na cewa a zubar. Tsohuwar na'ura tana buga takarda lafiya lau. Abin da nake cewa, kada a shiga asusun banki da ita, kada a ajiye sunayen jama'a a cikinta tana jone da intanet. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da suka karanci fannin sun san Linux Mint da Ubuntu, waɗanda kyauta ne, halal ne, suna tafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma ana ci gaba da gyara su. Wanda aikinsa rubutu da lissafi ne kawai, ya tambaye su.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk wannan bayani na katanga, a kan wanda ke zuwa ta waje ne. Ɓarawon da ya fi damunmu a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ba ya haura katanga. Mu muke ɗauko shi a aljihu.

Kile USB nake nufi, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa filash, da ƙanensa katin memori. Bi sawun kile guda na mako ɗaya ka gani. Litinin yana shagon fotokopi an buga takardar neman aiki. Talata yana wajen mai tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi a bakin tasha, wanda kwamfutarsa ke karɓar memori ɗaya bayan ɗaya daga safe har dare. Laraba yana kwamfutar darakta ana kwafar jarabawa. Alhamis an ara wa aboki. Katangar tsaro ba ta ganin ko ɗaya daga cikin wannan zirga-zirga, don ba ta intanet ake yin ta ba. Iran ma, da duk tsaron da ta yi wa tashar nukiliyarta ta Natanz, wadda ba a jona da intanet ba, birus ɗin Stuxnet da ya kama ta, wanda aka gano a 2010, an yi shi ne ya yi tafiya a cikin kile.

Wanda ya fi yawo a wurinmu kowa ya san shi, ko bai san sunansa ba: birus rakursi. Ka sa kile, ka tarar manyan fayilolinka sun koma gumaka masu ƴar kibiya a gindi. Ɗaliba ta yi wata shida tana rubuta kundin kammala karatu, ta buɗe ta ga wayam, ta ɗora hannu a ka. Ƴar'uwa, share hawayenki. A mafi yawan lokuta ba a goge aikin ba, ɓoye shi aka yi. Abu biyu ne kada ki yi: kada ki latsa gumakan nan masu kibiya, don latsawar ce ke sakin birus ɗin cikin kwamfuta, kuma kada ki yarda wani ya ce a yi formate nan take. A fara binciken kile ɗin da antibirus, a saita kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ga aikinki ya fito. Kuma daga yau, duk kilen da ya kwana a waje, a danna masa dama, a zaɓi bincike, kafin a buɗe. Minti biyu ne.

Sai mai gyara. Ina girmama samarin nan masu gyaran kwamfuta da waya. Da ba su, da rabin na'urorin jihar Maraɗi suna cikin kwali. Amma ga yadda ake yi. Ka kai kwamfuta, ka ce a sa maka Word da Excel da duk abin da ake sawa, ka miƙa jika biyu. Na gaskiya ya fi haka tsada nesa ba kusa ba, don haka na fashi za a sa maka, wanda aka karya makullinsa. Manhajar da ke karya makullin kuwa, antibirus ba ya barin ta ta zauna, sai an kashe shi. Sai mai gyara ya kashe antibirus, wani lokaci har da katangar, ya gama aikinsa, ya miƙo maka, bai mayar ba. Ko ya mayar, abin da aka shigo da shi ya riga ya samu wurin zama, kuma shi kansa mai gyaran bai san me aka cusa a ciki ba, shi ma saukowa ya yi daga wani shafi. Wanda ya ɓata dare yana karya makullin manhaja ya raba wa duniya kyauta, ba sadaka yake nema ba. In rubutu da lissafi ne buƙatarka, LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. In kuma ka kai gyara, kafin ka bar shagon ka ce, ɗan'uwa, buɗe mini Sécurité Windows in ga kore da idona. Kuma ka kwashe hotunan iyali da takardun sirri kafin ka kai.

Wani abin da ke ba ni dariya, kwamfuta guda antibirus uku, dukansu na gwaji, dukansu wa'adinsu ya ƙare tun bara, suna ta faɗa da juna, na'ura ta yi nauyi kamar me. Tun daga Windows 8 akwai Defender a ciki, kuma ga mai amfanin gida ya wadatar, muddin yana samun sabuntawa. A cire matattun, a bar shi ya yi aikinsa.

Mu koma kan waya, don ga mafi yawan masu saurarena ita ce kwamfutar, ita ce banki, ita ce akwatin sirri. Ɗan kasuwar aya a Cadawa, da mai sayen wake a Gazawa, da dillalin dabbobi a Gidan Rumji, kuɗinsu yanzu ta waya suke yawo, ko ta Airtel Money, ko Moov Money, ko Nita, ko Amana. A nan ɓarawo ko birus ba ya buƙata. Murya mai daɗi yake buƙata. “Salamu alaikum Alhaji, daga kamfani ne, muna gyaran layuka, yanzu za ka ga wasu lambobi sun shigo, karanto mini.” Ko kuwa, “Hajiya, don Allah na yi kuskuren turo kuɗi a lambarki, kuɗin maganin mahaifiyata ne, ki taimaka ki mayar.” Ta duba ta ga saƙo kamar na kamfani, alhali daga lambar mutum ya fito, ko tamma ba ta shiga ba. Kafin ki mayar da komai, Hajiya, duba abin da ke cikin asusunki da kanki, ba abin da saƙo ya ce ba. Kuma babu ma'aikacin kamfanin kirki da zai nemi lambar sirrinka. Ba ya buƙatar ta. Duk wanda ya nema, ka riga ka san ko wane ne.

WhatsApp ma haka. Lambobi shida ne ke shigowa ta saƙo. Ka karanta wa wani, ya ɗauke asusunka zuwa wayarsa, ya shiga rukunin dangi da na ƴan kasuwa da sunanka da hotonka, yana cewa ya shiga matsala a hanya, a turo masa jika hamsin. Kafin azahar ƙanenka da ke Libiya ya tura, surukinka da ke Agadas ya tura. Maganin yana cikin manhajar tun 2017: Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes. Ka sa lambobi shida naka na kanka, waɗanda ba shekarar haihuwa ba ne, ba kuma ƙarshen lambar wayarka ba. Wanda ya saci na farkon zai tsaya a na biyun. Su kuma GB WhatsApp da ire-irenta da samari ke tura wa juna ta Xender saboda suna nuna saƙon da aka goge, ba kamfanin ne ya yi su ba, ba wanda ya san inda saƙonninka ke biyawa, kuma kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su.

Kada wani ya ce ai wannan sai jahili. A Nuwamba 2022, kamfanin tsaro na Group-IB tare da masanan kamfanin Orange sun fitar da rahoto a kan wani gungu da suka kira OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 gungun ya kai hare-hare fiye da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa, ya kwashe aƙalla dala miliyan 11 na Amurka. Da me suka shiga? Da wasiƙar imel cikin Faransanci, wai daga ofishin haraji, ko wai sanarwar ɗaukar aiki. Ma'aikaci mai digiri, a bayan katangar da aka kashe wa miliyoyi, ya latsa takardar da aka liƙa. A watan Yuni 2023 aka kama wanda ake zargin babba ne a cikinsu a Kodebuwa, da taimakon Interpol. Da ɗan gari akan ci gari, ko da ɗan garin bai san an ci da shi ba.

Abin da na lura, mu abin da ke karya mu ba rashin wayo ba ne, kara ce. Muna jin nauyin cewa a'a. Abokin aiki ya ce ara mini kwamfutarka in duba wani abu, ka miƙa a buɗe, da imel ɗinka da komai. Dattijo ya je wajen mai tura kuɗi, ya miƙa waya, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban layi, don yana ganin rufe hannu kamar zargin yaron ne. Uwa ta ba ɗan maƙwabta wayarta ya saita mata, shi ya zaɓa mata lambar sirri, shi kaɗai ya san ta. Kara halinmu ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da ita. Amma ana iya yi wa mutum kara ba tare da an miƙa masa makulli ba. A kwamfuta, buɗe asusu na biyu, na baƙi da yara, wanda ba shi da ikon sa manhaja. Mai aro ya yi aikinsa a can, ba ka hana ba, ba ka kuma bayar ba. A wajen mai tura kuɗi, karɓi wayarka ka danna da hannunka. Baba, in idanu sun yi rauni, zaɓi mutum ɗaya cikin ƴaƴanka, ɗaya tak, ba duk wanda ke kusa ba.

Kuma a yankin Gidan Rumji wannan magana ta wuce ta kuɗi. Tun 2019 muke karɓar ƴan'uwa da suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma mun san abin da ya koro su, mun san bai tsaya a kan iyaka ba. A irin wannan wuri, jerin sunayen waɗanda suka karɓi tallafi, ko hoton rasiɗin cinikin shanu, ko saƙon da ke nuna wane ya samu kuɗi daga waje, ba ƙaramin abu ba ne in ya faɗa hannun da bai dace ba. Ma'aikacin da ke yawo da irin wannan jeri a kwamfutar da ba ta da kalmar sirri, amanar rayuka ya rataya a kafaɗa. Nijar tana da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, kuma doka ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su.

Wifi na unguwa da ake sayar da tikiti, wanda ya ƙara yawa tun da Starlink ta fara aiki a ƙasar nan a 2025, alheri ne. Sai dai duk wanda ya sayi tikiti, layi ɗaya kuke. In kwamfuta ta tambaye ka wane irin layi ne, zaɓi réseau public, katanga za ta ƙara tsauri. Masu wifin kuma, ku canza kalmar sirrin akwatin. Da yawa har yau admin ne suna, admin ne makulli, yadda ya fito daga kwali.

Abin da ka ajiye a kwamfuta kuwa, ba sai da ɓarawo yake ɓacewa ba. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin layin wutar da ke zuwa daga Katsina, kuma duk mun tuna yadda aka yanke wutar Najeriya a watan Agusta 2023. Kuran ya tafi ba sallama, ya dawo da ƙarfi, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara; faifan kwamfuta ba ya shawara kafin ya mutu. Duk abin da in ya ɓace za ka yi kuka, ya zama yana wuri biyu, na biyun a cire yake, a cikin akwati, ba wanda ake zuwa fotokopi da shi ba. Mai irin wannan ajiya, ko an kulle masa fayiloli an nemi fansa, sai ya wanke na'urarsa ya ci gaba.

In kuma abin ya riga ya faru, kunya ba ta da amfani a nan. Cire na'urar daga intanet. Je ofishin kamfanin waya ko na tura kuɗi da katin shaidarka a rufe asusun tun kuɗin ba su yi nisa ba. Kira dangi da murya, ba da saƙo ba, ka ce duk wanda ya roƙe su da sunanka ba kai ba ne. Ka canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, ka fara da na imel, don ta nan ake sake sauran. Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet. An fi jin sunanta in an kama wani saboda abin da ya rubuta a Facebook, har wasu suna zaton dokar bakin mutane ce kawai, alhali kutse cikin na'urar wani da damfara ta waya suna cikin abin da ta hukunta. Ka kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Kada haushi ya sa ka goge saƙonnin. Lambar da ta kira ka, da lokacin kiran, da lambar cinikin da ke jikin saƙon tura kuɗin, su ne abin da mai bincike zai fara tambayar ka.